Makin da mahaifiyata ta ba abokina

Shekarun baya, lokacin da aka fara zumuɗin mayar da ayyukan gwamnati cikin waya, ina aiki a sashen bin diddigi na wata ma'aikata a Jimeta. Aikinmu shi ne idan an ƙaddamar da wani shiri, mu bi shi mu duba, mu rubuta ko ya amfani jama'a ko kuwa surutu ne kawai. A ofishin da ke kallon nawa akwai abokina, wanda muke tare tun sakandare. Kirista ne, iyayensa daga kudancin jiha suka zo, a unguwar Rumde ya tashi, amma rabin tuwon da ya gina jikinsa a gidanmu na unguwar Makama ya ci shi.

Kafin in ci gaba sai kun san wani abu game da ni. Ni ɗan fari ne a gidan Fulanin cikin Yola. Wanda ya san wannan ya san sauran. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" ne sunana a bakinta, kuma ba ta taɓa yabona a gaban idona ba. Ranar da na kai mata takardar kammala jami'a, kallonta ta yi ta ce in ajiye a inda ɓera ba zai ci ba. Na san al'ada ce, na san kunya ce, amma sanin bai hana ni kwaɗayin in ji ta ce "ka yi ƙoƙari" ko da sau ɗaya kafin ɗayanmu ya bar duniya ba. Abokina kuwa ko randa ya cika mata da ruwa sai ta yi ta sa masa albarka har ya fita daga zaure. "Ɓingel am" take ce masa, wato ɗana. Kindirmon da ya fi kauri nasa ne, ni sai abin da ya rage a gindin ƙwarya.

To, sai aka kawo wani shiri: maimakon marasa lafiya su yi sammako su bi layin kati a wani asibitin gwamnati, za su riƙa neman ranar ganin likita ta shafin intanet, a turo musu rana da lokaci ta saƙon waya. Ni da abokina duk muka nuna sha'awar jagorantar aikin. Aka ba shi. Aka tura shi kwas Abuja, ya dawo da sabuwar kwamfuta a jaka da wata irin tafiya da ban san shi da ita ba. Ko da yake wataƙila tafiyarsa ba ta canza ba, idona ne ya canza. Na je na yi masa murna har da rungumarsa, na dawo ofis na rufe ƙofa na kasa cin ƙosan da na saya.

Shafin ya fito, kuma gaskiya ya yi kyau, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ba ya nauyi, ko sabis ya yi rauni yana buɗewa, kuma an yi shi da Hausa da Turanci. Bayan ranar da aka ba mutum ta wuce, sai saƙo ya shigo masa cewa ya ba aikin maki, daga ɗaya zuwa biyar. Aka kafa wani babban allo a ofishin darakta mai nuna yawan waɗanda suka yi rajista da makin da suka bayar. Kusan kowa biyar yake dannawa. Duk baƙon da ya zo sai darakta ya ja shi gaban allon, ya sa a kira abokina. Ni kuma idan an kira ni, to lemon baƙi ne bai iso ba.

A daidai lokacin ne yanar ido ta rufe wa mahaifiyata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Ta daina zura zare a allura, Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe ma sai ta kai shi dab da hanci. Na ce zan kai ta asibiti da kaina, na san wani a can. Ta ce a'a, ɓingel ɗinta ya riga ya zo har gida ya yi mata rajista a wayarsa, ya ce kada ta wahalar da kanta da sammako, ƙarfe goma kawai za ta je ta tarar ana jiranta.

"Yaron nan Allah ya yi masa kai," in ji ta, tana fuskantar bango kamar da bangon take magana.

Na ce, "Dada, ai aikin na ma'aikatarmu ne gaba ɗaya."

Ta ce, "To, Allah ya yi wa ma'aikatar albarka."

Bayan ranar ta wuce na tambaye ta yadda aka yi, ta ce lafiya lau. Na tambayi ƙanwata, wadda ke zaune tare da ita kuma ita ke karanta mata saƙonni, ta ce ai Dada ta ce lafiya lau. A raina na ce to, wata biyar ɗin ta hau allo.

Ana nan sai darakta ya kira ni, ya ce za a faɗaɗa shirin zuwa wasu asibitocin, amma sai sashenmu ya rubuta rahoto a kansa tukuna, kuma ni zan rubuta. Jama'a, ban san lokacin da na ce "an gama, ranka ya daɗe" ba. Ban yi niyyar yin ƙarya ko ɗaya ba, wannan kam Allah ne shaida. Niyyata kawai in duba aikin nan da irin idon da mai sayen akuya ke duba haƙoranta. Na kwana biyu a kan alƙaluman, na juya su ta kowace fuska, ban samu komai ba. Masu rajista suna ƙaruwa, shafin ba ya faɗuwa, maki yana sama. Sai na ce bari in je asibitin da ƙafata, ko kujera karyayya ce in samu in rubuta.

Lokacin zafi ne, irin zafin Yola da ko inuwa ba ta da tausayi. Na shiga keke na isa wajen sha ɗaya da wani abu, na nufi ɓangaren masu ciwon ido. A ƙarƙashin wata rumfar kwano na ga dogon benci cike da tsofaffi, kowa riƙe da waya. Na fara murmushi. Ina cikin bin fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya sai na ga wani mayafi ruwan toka da na sani, wanda ni na saya da Sallah ba a ce mini an gode ba. Mahaifiyata ce zaune, ta ɗora butarta a cinya, ƙanwata a gefenta. Ƙanwata na ganina ta sunkuyar da kai.

Abin dariya, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, "Yauwa, na kama shi!" Bai daɗe ba, don ina matsowa na ga yadda gumi ya jiƙa mata wuya, na ga farin da ke cikin idon ya ƙaru, sai raina ya ɓaci ƙwarai.

Na durƙusa na ce, "Dada, me kike yi a nan? Ba kin ce kin ga likita ba?"

Ta ce, "Cewa na yi lafiya lau. Kuma lafiya lau ɗin ce."

Ƙanwata ce ta fasa ƙwan. Wannan ba zuwansu na farko ba ne, ba kuma na biyu ba. Abin da ke faruwa shi ne, shafin yana ba mutum rana da lokaci, amma mutanen ɗakin kati ba su bar tsohon tsarinsu ba. Da sassafe suke raba kati ga waɗanda suka tarar a layi, likita kuma yana da iya adadin da zai gani a rana. Duk wanda ya yarda da waya ya zo ƙarfe goma, sai ya tarar kati ya ƙare, a ce ya zauna ko za a samu gurbi. Da azahar a sallame shi, ya koma gida ya sake rajista. Shi kuwa allon ofis, duk wanda aka ba rana yana ƙirga shi a matsayin wanda aka biya wa buƙata. Wanda ya sake rajista ma sai ya ƙara yawan masu amfani da shafin, darakta ya ƙara washe baki.

Na ce wa ƙanwata, "To ku ma ku yi sammakon mana!"

Mahaifiyata ta ce, "Ya ce mini ƙarfe goma. In zo da asuba in nuna ban yarda da maganarsa ba?"

"To da saƙon ya shigo, maki nawa kuka ba shi?"

Ƙanwata ta ɗaga yatsu biyar ba tare da ta ɗago kai ba. Kowane zuwa biyar.

Na ce, "Haba Dada! Ba ki ga likita ba, kin sha rana, kin biya keke zuwa da dawowa, sannan ki ba shi biyar?"

"Yaro ya yi wahala ya yi abu, ya aiko yana tambayata ko ya yi kyau. In ce masa bai yi ba? Da wane bakin?"

"To ni me ya hana ki faɗa mini?"

Ta juyo da idon mai ɗan gani ta dube ni, abin da ba kasafai take yi ba. Ta ce, "Kai wannan, tun ranar da aka ba shi aikin nan muryarka ke canzawa idan an ambace shi. Ido ne ya mutu mini, kunnena lafiyarsa ƙalau. In ba ka wuƙa ka je ka yanka shi a gaban manya?"

Na rasa inda zan sa kaina, don wata tsohuwa da ke kusa har da gyara zama ta ji da kyau. Na ciro katin shaidar aikina na ce bari in shiga in yi magana a duba ta yanzu. Ta riƙe mini hannun riga ta ce in na tsallakar da ita gaban mutanen nan, za ta tashi ta tafi gida.

Tun da rahoto ya kawo ni, sai na bi bencin ina tambaya. Wani dattijo manomi daga Bako ya ce shi ma biyar ya sa aka danna masa. "Gwamnati ta tambaye ni ra'ayina, abin da ba ta taɓa yi ba, sai in zage ta?" Wata ta ce tsoro ta ji, kada ta ba da kaɗan a cire sunanta. Sai wata tsohuwar malamar firamare, 'yar cocin su abokina, ta ce, "Ni kam ɗaya na danna, my son. Har yau ba wanda ya kira ni ya tambaya me ya faru. So next time na danna biyar, ko shi zai sa su ji daɗi su duba ni."

Ga rahotona nan ya rubuta kansa. Na hango taron manya, na hango kaina a tsaye ina bayani a natse, na hango fuskar abokina. Na ji daɗin hangen nan, ba zan ɓoye ba. Amma na waiga na ga mayafin nan ruwan toka, na san idan na bi ta hanyar taro, sai an kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, kafin nan ɗaya idon ma ya rufe. Kuma ko da ya buɗe, ba zai ƙara kallona da rahama ba. Sai na ciro waya na kira shi.

"Injiniya, kana ina?"

"Ina ofis, mutumina. Yaya ne?"

"Shigo keke ka zo asibiti ka ga biyar-biyar ɗinka a zaune a benci."

Ya iso yana haki. Da ya ga mahaifiyata sai ya tsaya cak, ya cire hula, ya zo ya durƙusa a gabanta a kan simintin nan mai zafi.

"Dada, tun yaushe kina nan?"

Ta ce, "Yanzun nan na zo, ɓingel am. Jam, lafiya lau, ba komai."

Ƙanwata ta gaya masa komai. Ya dafe kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, da irin Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji, "Wallahi ban sani ba. Allon ya nuna Dada ya ga likita tun tuni. Ni na ce masa kada ya yi sammako, ni da bakina." Na gyara tsayuwa ina jiran in ji daɗin nasarata. Sai kawai na ga mahaifiyata ta miƙa masa gorar ruwanta, ta ɗauki maficinta tana yi masa fifita, tana cewa kada ya sa abin a ransa, ai ba laifinsa ba ne. Ni da na gano matsalar ina tsaye a rana, gumi har cikin takalmi, ba wanda ya ce in matso inuwa.

Daga nan muka wuce wurin shugaban ɗakin kati. Mutumin bai ɓoye komai ba. Ya ce su an kawo musu kwamfuta an ɗauki hoto an tafi, ba wanda ya zauna da su ya ce ga yadda za a haɗa masu waya da masu layi. Kuma mutum ya baro ƙauye tun duhu ya zo ya tsaya, ba zai iya ce masa ya koma don wani mai waya zai zo ƙarfe goma ba. Na so in ga laifinsa ban gani ba.

Makonnin da suka biyo baya tare muka yi su da abokina, muna faɗa muna shiryawa. Aka raba gurbin likita biyu, kaso na masu waya, kaso na masu zuwa da ƙafa, shafin kuma ya daina ba da rana idan gurbi ya cika. Aka gyara allon, ba ya ƙirga mutum sai an danna daga ɗakin likita cewa an gan shi. Ni kuma na dage a kan tambayar nan ta maki. Na ce a garin nan idan ka tambayi dattijo ko ya ji daɗin aikinka, gaisuwa ka yi masa, kuma da gaisuwa zai amsa. Mu tambayi abin da kunya ba ta da hurumi a ciki: ka ga likita ko ba ka gani ba? Sau nawa ka zo kafin ka gan shi? Ka tarar da lokacin da aka ba ka ko ka wuni? Duk wanda ya ce bai gani ba, a kira shi a waya, da Fulatanci ko Hausa ko Turanci, wanda ya fi masa sauƙi. Abokina ya ce hakan zai zubar da makinsa ƙasa. Na ce ƙwarai kuwa, kuma ina jin na faɗe shi da fara'ar da ta wuce kima.

Ya kuwa zube. Ranar da darakta ya ga sabon allon sai da ya tambaya ko kwamfutar ce ta lalace. Ya daina jan baƙi zuwa wurin na wani lokaci. Na rubuta rahotona yadda abin yake, har da bencin, har da gyaran da aka yi, na ba da shawarar a jinkirta faɗaɗawa sai an ga bencin ya ragu. A hankali alƙaluman suka fara tashi, wannan karon da gaskiyarsu. Na riƙa leƙawa asibitin da hantsi, ina ganin katakon bencin yana bayyana. Daga baya aka faɗaɗa shirin, aka yi taro, aka ba abokina takardar yabo saboda sabuwar hanyar auna aiki da ya ɓullo da ita. Ya tashi ya ce ra'ayina ne, amma lasifikar ta ɗauke a daidai wurin, mai gabatarwa kuma ya ce ana godiya ga sauran ma'aikata. Ni ne sauran ma'aikata.

An yi wa mahaifiyata aikin ido bayan ruwa ya sauka, a ranar da waya ta ba ta, a lokacin da ta ba ta. Ranar da aka cire bandejin muna tsaye mu biyu a gabanta. Ta ƙifta ido, ta dubi abokina ta ce ashe ya rame haka, a kawo masa dakkere da nono idan an koma gida. Ta dube ni ta ce ashe furfura ta fito mini. Shi ke nan.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, abokina ya tafi da ƙwaryarsa, ita kuma tana ta zura zare a allura tana zarewa don jin daɗin abin kawai. Na daure na ce, "Dada, shi kin ba shi biyar a lokacin da aikinsa bai yi ba. Ni da na gyara, nawa za ki ba ni?"

Ta ƙarasa zura zaren a allura tukuna. Can ta ce, "Uku."

"Uku? Ina sauran biyun?"

"Ɗaya na baƙin cikin da ka yi da ɗan'uwanka. Ɗaya kuma na ɗaga mini murya a gaban mutane."

Na ce, "Amma shi biyar."

Ta ce, "Biyar ta baƙo ce, kai wannan. Kowa na ba shi. Wa kake so in gaya wa gaskiya in ba nawa ba?"

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na daɗe ban fito ba.

Har yau ina wannan aikin na bin diddigi, yanzu ma ni ke koya wa sababbin ma'aikata. Idan suka zo mini da allo mai kyau suna murna, sai in tambaye su ko sun je sun ga bencin. Shafi mai kyau rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun mutumin da ke bayan taga, kuma idan ba a zauna da shi ba an yi aikin banza. Yawan masu rajista ba ya gaya maka komai, wataƙila mutum ɗaya ne ke ta dawowa. Idan kuma ka ga kowa na yabonka, to ka binciki tambayar da ka yi musu.

Kishin kuwa bai tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya. Abokina ya zama darakta kafin ni, takardar yabon nan tana rataye a falonsa, duk lokacin da na je sai na zaɓi kujerar da ke ba ta baya. Shi ma ya sani, har yakan ce wa matarsa ta juya mini kujerata.

Mahaifiyata ta rasu da idonta biyu a buɗe, tana karatunta har makon ƙarshe. Ranar sadakar uku abokina ya zauna kusa da ni a kan tabarma yana share hawaye, ya ce shi abin da ba zai manta ba, Dada ba ta taɓa gaya masa magana marar daɗi ba, ko sau ɗaya. Na ce haka ne. Ban gaya masa zancen maki ukun da ta ba ni ba. Wannan kam nawa ne, kuma shi bai taɓa samu ba.